Kofi Ɗaya Tilo Na Gilashi Mai Ƙafa Don Kowane Abin Sha: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka zo haɗa kayan kicin na amarya, ko wata ta tashi sabunta kwabarta, tambayoyin da ake yi mini a kan kofin nan mai doguwar ƙafa kusan iri ɗaya ne. Wasu suna ce masa kofin wayin, wasu kofi mai ƙafa. Na tattara tambayoyin a nan, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wane kofi ake magana a kai, kuma me ake nufi da "na kowane abin sha"?

Kofin gilashi ne mai sassa huɗu: baki, tumbi inda abin sha yake zama, siririyar ƙafa da ake riƙewa, sai faifan gindi da yake tsayawa a kai. Asalinsa kayan teburin Turai ne, don giyar inabi aka ƙera shi. A can sun rarraba shi iri-iri. Akwai dogo mai babban tumbi da ake kira da sunan yankin Bordo na Faransa, akwai mai tumbi kamar tulu na yankin Burgundi, akwai ƙarami na farar giya, akwai siriri dogo na shamfen, wato giyar inabi mai gas.

Wanda muke magana a kai shi ne ɗan tsaka-tsaki a cikinsu. Bai kai na Burgundi faɗi ba, bai yi ƙanƙantar na farar giya ba, kuma bakinsa ya ɗan tsuke. An yi shi ne don mutum ya sayi iri ɗaya ya huta.

Mu ba ma shan giya a gidanmu. Me ya haɗa mu da wannan kofi?

Ya riga ya shiga gidajenmu tuntuni. Da shi ake kawo wa baƙi zoɓo, kunun aya, lemon citta, ruwan tsamiya, da ruwan inabin kwalba marar giya irin su Eva da Pure Heaven da ake buɗewa ranar biki ko salla. Dalilan da suka sa siffarsa ta yi wa Bature amfani su ne dai suke yi mana: yana tara ƙamshi, yana riƙe sanyi, yana nuna kalar abin sha. Zoɓon da ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba yana da ƙamshin da ya cancanci kofi mai kyau.

Sabon kofi daga kwali gilashi ne kawai, babu abin da ya taɓa shiga cikinsa. Idan na gwanjo ne, a wanke shi sosai, kuma a karanta amsar da ke magana a kan dalma kafin a saya. Akwai malaman da suke jan kunne a kan kwaikwayon zaman mashaya, kamar ɗaga kofuna ana gwara su. Wannan magana ce ta ɗabi'a a wajen sha, wanda abin ya tsaya masa a rai sai ya tuntuɓi malaminsa.

Abu ɗaya nake so a kula da shi a kan kwalaben. Akwai ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba, gas kawai aka sa masa. Akwai kuma wanda giya ce aka cire mata sinadarin maye, irin wannan yakan rage ɗan kaɗan, har zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A karanta rubutun jikin kwalba.

Da gaske ne kowane abin sha sai da nasa kofin?

Wannan ra'ayi bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Kamfanin Riedel, gidan maƙeran gilashi da ya faro a 1756 a yankin Bohemiya kuma yanzu yake garin Kufstein na Ostiriya, shi ya yayata shi. A 1973 Claus Riedel ya fitar da jerin kofunan da ya kira Sommeliers, kowanne da irin giyar da aka ware masa. Daga nan wasu kamfanoni suka bi sahu. An daɗe ana tallar cewa kowane kofi yana kai abin sha wani ɓangare na harshe, wai zaƙi a gaba, ɗaci a baya. Wannan taswirar harshe ta samo asali ne daga gurguwar fahimtar wani binciken Jamus na 1901, kuma a 1974 wata mai bincike a Amurka, Virginia Collings, ta nuna cewa duk inda harshe yake jin ɗanɗano yana jin kowane iri.

Abin da ya tabbata shi ne siffar kofi tana taɓa ƙamshi, ƙamshi kuwa shi ne mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano. Wanda mura ta toshe wa hanci ya san haka, ko miyar kuka ba ya jin daɗinta. Kofi mai faɗin tumbi da tsukakken baki yana tara ƙamshi ya kai shi hanci, wanda bakinsa ya buɗe kamar kwano yana watsar da shi. Da zarar an sami wannan siffa, bambancin da ya rage tsakanin kofi da kofi ƙarami ne.

Su kansu masu ɗanɗana giya a matsayin sana'a kofi ɗaya suke amfani da shi. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da siffarsa a 1977 da lambar ISO 3591, ɗan ƙarami ne mai cin mililita 215. Jancis Robinson, fitacciyar marubuciyar Ingila a wannan fanni, ta haɗa kai da mai zane Richard Brendon a 2018 suka fitar da kofi guda, ta ce ya isa ga kowane iri. Idan waɗanda suka yi shekaru a harkar sun koma kofi ɗaya, ban ga dalilin da zai sa uwargida ta cika kwaba da iri huɗu ba.

To wace siffa zan nema?

A tsaya a kalli kofin ta gefe. Tumbin ya fi faɗi daga ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, sannan ya riƙa tsukewa a hankali har baki, kamar ƙwai da aka yanke kansa. Bakin ya fi tumbin ƙanƙanta, amma kada ya matse har hanci ya kasa shiga idan ana sha. Ƙafar ta isa a riƙe da yatsu uku ko huɗu ba tare da an taɓa tumbin ba. Faifan gindin kuma faɗinsa ya kusa na tumbin, don idan gindi ya yi ƙarami, gefen mayafi kawai ya ishi kofin ya kife.

A zaɓi fari tas, marar launi, marar zane. Na san masu ruwan zinare a baki suna ɗaukar ido ranar jere, amma zinaren yana gogewa bayan 'yan wanki, ya bar kofi da dabbare-dabbare. Masu launi kuma suna ɓoye kalar abin sha, suna ɓoye datti.

Wane girma ya dace?

Tsakanin mililita 400 zuwa 550, wato kusan ledar fiya wata ɗaya idan aka cika shi har baki. Shahararrun kofunan wannan aji suna nan: na kamfanin Gabriel-Glas yana cin 510, na kamfanin Zalto mai suna Universal yana cin 530. Sai dai ba a cika shi. A Turai ana zuba mililita 125 zuwa 150 ne, a bar sauran sararin ga ƙamshi. Mu da muke zuba zoɓo da ƙanƙara, rabin kofi ya yi daidai. Idan aka cika shi fal sai nauyi ya koma sama, ƙafa ta yi wuyar riƙewa, baƙo ya riƙa fargabar zubar wa kansa.

Kada a ruɗu da manyan nan masu cin 700 ko 800. Masu bincike a Jami'ar Kambirij sun auna kofunan Ingila na shekaru ɗari uku, suka wallafa a 2017 cewa matsakaicin girma ya tashi daga mililita 66 a 1700 zuwa 449 a 2017. Kofi yana ta girma, shi kuwa babban kofi yana sa a zuba da yawa ba tare da an lura ba, abin da ya shafi mai kaffa-kaffa da sukari. Haka kuma a auna tsayin shantar kwaba kafin a je kasuwa. Yawancin waɗannan kofuna tsayinsu santimita 20 zuwa 24 ne. Na taɓa ganin an kawo dozin biyu ranar jere, ko ɗaya bai shiga wurin da aka tanadar masa ba.

Me ya sa ake yawan maganar sirancin baki?

Saboda nan ne kaɗai kofi yake haɗuwa da leɓe. Baki iri biyu ne. Akwai naɗaɗɗe mai ɗan tudu kamar an zagaya shi da zare, shi ne a kan kofuna masu araha, kuma yana jure buguwa. Akwai yankakke, siriri sumul, wanda abin sha yake gangarowa daga shi ba tare da ya ci karo da komai ba. A gwada kunun aya ɗaya a kofunan biyu, za a ji bambancin nan take.

Ni yankakken nake zaɓa, amma ba wanda ya kai sirancin ɓawon ƙwai ba. Gidan da yara suke taya wanke-wanke, naɗaɗɗen da tudunsa bai yi kauri ba ya wadatar.

Mai ƙafa ko marar ƙafa?

Marar ƙafar shi ma Riedel ne ya shahara da shi, a 2004. Tumbin iri ɗaya ne, ƙafar ce aka cire. Ba ya saurin kifewa, yana shiga kowace kwaba, kuma ya fi dacewa da cin abinci a ƙasa, a kan kafet ko tabarma, inda mai ƙafa ba ya tsayawa da kyau. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a gidajenmu. Idan a ƙasa ake shimfiɗa leda a ci abinci, ko dai a ɗora mai ƙafa a kan tire, ko a sayi marar ƙafa.

Aibinsa shi ne tafin hannu yana rungume tumbin. A zafin watan Afrilu, abin shan da aka sha wahalar sanyaya shi yana hucewa da wuri, ga sawun yatsu da maiƙon abinci a jikin gilashi. Amfanin ƙafa ke nan, ba ado kawai ba ce. Ga mai teburin cin abinci, ko mai kai wa baƙi abin sha a falo, mai ƙafa ya fi.

Mai shago ya ce nasa kiristal ne. Mene ne bambancinsa da gilashi, kuma gaskiya ne yana da dalma?

Gilashin yau da kullum ana narka yashi ne da soda da farar ƙasa. A shekarun 1670 wani ɗan kasuwar Ingila, George Ravenscroft, ya shahara da ƙara dalma a cikin haɗin. Gilashin ya fito da nauyi da ƙyalli, yana da sauƙin sassaƙa, idan aka ƙwanƙwasa shi yana amo kamar ƙararrawa. Shi aka sa wa suna kiristal. Dokar Turai ta 1969 ta ce sai wanda yake da aƙalla kashi 24 cikin ɗari na sinadarin dalma za a kira kiristal mai dalma.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Abin sha mai tsami yana jawo dalma daga jikin irin wannan gilashi, kuma yawanta yana ƙaruwa da daɗewar zama. Wani bincike na Jami'ar Kolombiya a Amurka a 1991 ya nuna yadda ta taru sosai a giyar da aka ajiye watanni a butar kiristal. Shan minti ashirin bai kai wannan ba, amma zoɓo da tsamiya da lemon tsami duk masu tsami ne, don haka ba zan ajiye su a jug ɗin kiristal mai dalma ba, ba kuma zan ba yaro ko mai juna biyu abin sha a cikinsa ba. Tsofaffin kofunan gwanjo masu nauyi da sassaƙa mai zurfi su ne abin zargi.

Manyan kamfanoni da yawa sun koma kiristal marar dalma, suna sa bariyom ko zink ko fotasiyom a madadinta. Schott Zwiesel na Jamus yana amfani da titaniyom da zirkoniyom a gilashinsa mai suna Tritan, wanda ya yi suna wajen jure wanki. A duba kwali, masu kirki suna rubuta cewa babu dalma. Gilashin soda na yau da kullum kuwa ba a sa masa dalma a haɗinsa, sai dai a yi hattara da fentin ado a bakin kofin da ba a san inda ya fito ba, wani ƙarin dalili ke nan na zaɓen fari marar zane.

Na hannu ko na inji? Wane kamfani?

Na hannu ana hura shi ne da baki, ba shi da nauyi ko kaɗan, wani bai kai giram 100 ba. Yana da daɗin riƙewa ƙwarai, amma kuɗin guda ɗaya yana iya sayen kwali guda na na inji, kuma ba ya yafe kuskure. Ga gida, na inji nake ba da shawara. Injinan yanzu suna fitar da siririn baki da ƙafa sumul.

A sama akwai su Riedel, Spiegelau, Schott Zwiesel da Gabriel-Glas. A tsakiya da ƙasa akwai Luminarc na Faransa, Paşabahçe na Turkiyya, Bormioli Rocco na Italiya da Ocean na Tailan, irin waɗannan ne aka fi cin karo da su a shagunan kayan kicin. Ma'aunina shi ne a sayi wanda idan ya fashe a hannun baƙo za a iya cewa "ba komai, Hajiya" har zuci. Kofin da ake tsoron fitowa da shi, a kwaba zai ƙare, ƙura ce kawai za ta more shi.

Yaya zan gane mai kyau a kasuwa?

A sa mai shago ya buɗe kwalin, a fito da su ɗaya bayan ɗaya, ko da zai yi ƙorafi. A ɗaga kowanne a haske a duba ƙwayoyin iska ko tsaga. A zagaya yatsa a baki a ji ko akwai giɓi ko kaifi. A shafa ƙafar daga sama zuwa ƙasa: idan akwai layin haɗi mai kaifi, aikin araha ne, kuma a duba inda ƙafa ta haɗu da tumbi, don nan ne ya fi karyewa. A ajiye shi a kan tebur a taɓa, kada ya yi rawa. A jera biyu a ga ko tsayinsu ɗaya. Daga nan a riƙe shi a ƙafa a ɗan karkata, idan kansa yana rinjaya tun babu komai a ciki, da abin sha sai ya fi haka.

Guda nawa ya kamata in saya?

A ƙirga mutanen da aka saba zama da su a lokaci ɗaya, a ƙara biyu. Ga yawancin gidaje takwas ko goma sha biyu ne. Kwali yakan zo da shida, don haka kwali biyu iri ɗaya ya fi kwali biyu iri daban. Idan uku suka fashe, tara ɗin da suka rage har yanzu saiti ne. A ajiye kwalin, sunan samfurin yana jiki don ranar ciko, kuma rabe-raben cikinsa su ne mafi aminci idan za a tashi gida.

Zan iya zuba lemo mai gas a ciki, ko sai dogon siririn nan? Me kuma ba a zubawa?

Za a iya. Siririn yana riƙe gas ya ɗan daɗe saboda fuskar abin shan ba ta da faɗi, amma hanci ba ya samun komai a cikinsa, ga wuyar wanki. Ko a yankin Shamfen na Faransa, inda ake yin shamfen ɗin, da yawa daga masu sana'ar sun koma kofi mai tumbi. A karkata kofin a zuba a hankali ta gefe, gas ɗin ba zai gudu ba.

Abu mai zafi ne ba a zubawa. Shayi ko kunun tsamiya mai zafi yana sa cikin gilashi ya buɗe kafin bayansa, sai ya tsage. Haka fito da kofi daga firiza a zuba masa ruwan ɗumi. Ƙanƙara kuma a fara zuba abin sha kafin a sa ta, kada a jefa ƙatuwa a busasshen kofi. Fura da nono a bar wa ƙwarya da ludayinta, cokali ba ya juyawa a tsukakken baki.

Yaya ake wanke shi ba tare da ya karye ba?

Yawancin kofunan nan a wajen wanki da gogewa suke mutuwa. A wanke su su kaɗai, kafin a taɓa tukwane, da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke. A shimfiɗa tawul a gindin roba ko sink. Soso mai laushi kawai, ban da soson ƙarfe. Hannu ɗaya ya tallafe tumbin daga ƙasa, ƙafar tana tsakanin yatsu, ɗayan ya wanke. A kula da baki, nan jan-baki da maiƙo suke maƙalewa. Kada a cusa hannu gaba ɗaya a ciki.

Babban kuskure shi ne riƙe faifan gindi da hannu ɗaya ana murɗa tumbin da ɗayan wajen gogewa. Ƙafar ba ta jure murɗa, nan take take ɓallewa, wani lokaci har ta yanki mutum. A goge tumbin ana riƙe da tumbin, a goge gindin ana riƙe da gindin, da ƙyallen auduga marar gashi. Zoɓo kada ya kwana a kofi, ko ba za a wanke a daren ba a ɗauraye.

Kofunana sun yi fari-fari kamar hazo. Sun lalace ke nan?

A jiƙa ɗaya a ruwan ɗumi da khal ko lemon tsami na minti goma sha biyar. Idan ya washe, gishirin ƙasa ne da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari idan ya bushe a jikin gilashi. Maganinsa a riƙa gogewa da zarar an ɗauraye, kamar yadda aka bayyana a amsar wanki, maimakon a bar shi ya bushe da kansa. Idan bai washe ba, fuskar gilashin ce ta cinye, yawanci saboda sabulu mai ƙarfi da ruwa mai zafi sosai a injin wanke kwanuka, ko kuma karcewar soso. Wannan ba ya gyaruwa, amma kofin yana shayuwa.

A tsaye zan ajiye su ko a kife?

A tsaye. Baki shi ne mafi rauni a jikin kofin, ɗora masa nauyi yana sa ya ɓantare, kuma kifaffen kofi yana kulle warin katako ko na turaren wuta a cikinsa. A bar ɗan tazara tsakaninsu don kada su riƙa gogar juna idan an buɗe ƙofa. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko kwabar a rufe take, sai a ɗauraye a goge kafin a zuba wa baƙo. Wanda yake da maratayin nan na ƙarfe da ake saƙala su ta gindi, shi ma ya yi, muddin ba kusa da murhu yake ba inda hayaƙi da maiƙo za su lulluɓe su.